Shekarar da Na Ƙi Danna Bayan Mahaifiyata

Amina, ke kika jawo wannan babin. Ranar da kika dawo daga bikin Funtuwa kika zauna mini a kicin kina ta juya cokali a shayi ba ki sha ba, na san an gaya miki wani abu. Sai da na matsa miki kika ce wata tsohuwa ce ta riƙe hannunki a gidan biki, ta tambaye ki ko ke ce 'yar likitar nan da ta gyara bayan Turawa ta ƙi gyara na uwarta. Ban ba ki amsa a ranar ba, don raina ya ɓaci, kuma kun san halina, in raina ya ɓaci bakina ba ya zaɓen magana. Yanzu na huce. Zan rubuta muku ke da Faruku, da Hausa kuma, ku zauna ku karanta a hankali. Inda ya yi muku wuya ku tambayi kawunku Kabiru, ai shi ma da hannunsa a ciki.

Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Na ƙi. Amma kafin ku gane abin da na ƙi, sai kun san wace ce ni a wurin matar da ta haife ni. Ni 'yar fari ce, kuma a inda muka taso uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ya dame ta. Da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata Inna, a can na girma, a cikin gida ɗaya da uwata amma kamar maƙwabta. Ko Umma ban taɓa ce mata ba. Na ji ƙannen babana suna ce mata Yaya, ni ma na ɗauka, har ta bar duniya Yaya nake kiran ta. Ita kuwa sunan Saude bai taɓa fita daga bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce 'yar Inna, in ba haka ba ta yi magana da iska, ta ce a gaya wa mutanen ɗakin Inna abinci ya sauka. Mata suna yaba ta, suna cewa ba a yi mai kunya irin ta ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin bai hana ni jin zafi ba duk lokacin da na ga Kabiru, autanmu, ya baje a cinyarta tana tsince masa kai. Har na yi aure na bar ƙasar, ban iya tuna rana ɗaya da hannunta ya sauka a jikina ba.

Wataƙila shi ya sa na zaɓi aikin da hannu ne jarinsa, Allah ne masani. Na fara da gashin ƙashi a wani asibiti a Zariya. Da muka zo London da Abbanku sai na koma makaranta na koyi gyaran baya da wuya da hannu, abin da Turawa ke kira chiropractic, mutanenmu kuma suka raɗa masa suna ɗorin Turawa. A kwantar da mutum a kan wani siririn gado, a lalubo gaɓar da ta ƙage, a danna ta da sauri a daidai inda ya kamata, sau da yawa ka ji ta ce ƙas. A shekarar da nake ba ku labari na kai ƙarshen digirina na uku. Tambayar bincikena ba ta da ado: wane ne wannan dannar take taimaka wa, wane ne ba ta yi masa komai, wane ne kuma za ta iya cutarwa. Don mu rarrabe amfanin dannar da amfanin jin daɗin an kula da kai, sai muka raba masu ciwon gida biyu da yardarsu. Wasu a yi musu ta gaske, wasu a yi musu ta kwaikwayo, a ɗora hannu, a motsa gadon ya yi ƙara, ba tare da an taɓa gaɓar ba. Ni na tsara ta kwaikwayon, kuma ba yabon kai ba, na iya ta har abokan aikina ba sa gane wacce nake yi. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A lokacin muna wani ƙaramin flat a unguwar Deptford, kuna firamare. Ranar Lahadi falonmu asibiti yake komawa. Direbobin bas, mata masu kula da tsofaffi da ɗaga su ya cinye musu ƙugu, masu gadin da ke kwana a tsaye, Musulmi da Kirista, 'yan Jos da 'yan Kaduna da 'yan zangon Kumasi, duk su zo su cika mana kujeru. Ina da gado mai naɗewa a bayan ƙofa. Abin da suke so shi ne ƙarar nan. Na gaji da gaya musu ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce kawai a cikin gaɓa, irin ta yatsa in an ja shi. Ba mai saurarona. Mutum ya ji ƙas, ya tashi yana kabbara ko yana yabon Yesu, ya fita ya buga waya gida. Haka labari ya isa Funtuwa cewa hannun Saude sau ɗaya yake sauka a baya, ciwo ya tafi.

Kabiru ne ya kawo Yaya. Yana Catford a lokacin, yana tuƙin tasi, bai daɗe da aure ba. Babanmu ya rasu, Inna ta daɗe da rasuwa, kuma an ce tun ranar da Yaya ta sunkuya ɗaukar bokitin ruwa bayanta ya riƙe, sallah ma a zaune take yi. Muka je tarbar ta a filin jirgi. Abin da na fara gani ba fuskarta ba ce, tsawonta ne. A da kafaɗa ɗaya muke da ita, yanzu kuwa ɗankwalinta a haɓata ya tsaya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ya jiki. Ta dubi akwatinta ta ce da sauƙi. Aka sauke ta a wurinmu saboda mu ne a ƙasa, gidan Kabiru kuwa sai an hau bene.

Zaman nan ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. Ga uwa mai kunyar 'yarta, ga suruki mai kunyar surukarsa, a gidan da in mutum biyu suka haɗu a lungu dole ɗaya ya manne da bango. Abbanku, malamin Hausa guda da ɗalibai ke tsoro a jami'a a Bloomsbury, sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya fito daga ɗaki, don Yaya ta samu ta shige nata. A ɗaki yake cin abinci, faranti a kan gwiwa. Tsakaninsu gaisuwa ce daga nesa, kowa na kallon ƙasa. Ranar Lahadi kuwa na lura ƙofar ɗakinta ba ta rufuwa duka. Ta wannan 'yar kafa ta ga wani direban bas ya shigo a karkace, ta ji ƙas, ta gan shi ya fita yana dariya.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, kun tafi makaranta, Abbanku ya fita, ina zaune a falo da takardu barbaje a gabana. Sai na ji jan ƙafarta. Ta zo ta tsaya kusa da gadon nan mai naɗewa, ta dafa shi, ta juya fuskarta wajen taga.

"In da hali," in ji ta, "a ɗan duba mini bayan nan."

Ina da shekara arba'in da ɗoriya, wannan ne abu na farko da uwata ta taɓa nema a wurina. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buɗe gadon, na shiga kicin na wanke hannu da ruwan ɗumi, na daɗe ina murza su don kada ta ji sanyi. Kwanciyar ma da ƙyar ta yi ta, tana cije leɓe. Na ɗaga rigarta. Ban taɓa ganin bayanta ba. Siriri ne, ya ranƙwafa daga sama, fatar ta yi laushi. Na ɗora tafina na tsaya haka nan, ba don aiki ba, don kawai in ji ɗuminta. Sannan na tuna ni likita ce. Na bi ƙashin da yatsu daga wuya zuwa ƙasa, ina ɗan ƙwanƙwasawa a hankali. A tsakiya, wuri ɗaya, ta ja numfashi ta damƙe bakin gadon.

"Yaya, a hankali ciwon ya fara, ko farat ɗaya?"

"Farat ɗaya," ta ce wa bango.

"In kin kwanta yana lafawa?"

"Yana lafawa. Tsayuwa ce ba ya so."

"Zannuwanki fa, sun yi miki tsawo?"

Ta ce, "Duk sai da na sa aka rage su."

Babin da ke barbaje a kan teburina a safiyar nan, a kan irin wannan bayan yake. Tsohuwa wadda tsawonta ya ragu, ciwo ya kama ta farat ɗaya a kan ƙaramin aiki, ga wuri ɗaya da ba ya son taɓi. Ƙashi ne ya yi sakayau da tsufa, har wata gaɓa ta iya murƙushewa da kanta. Irin wannan ba a danna shi. In ka danna, kana iya ƙarasa abin da ya fara, mutum ya zo da ƙafarsa a fitar da shi a ɗauke. Ban tabbata ba, hoto ne kawai zai tabbatar, amma na ga isassun alamu. Na tsaya hannuna a bayanta, zuciyata na roƙona in yi mata abin da ta zo nema. Wallahi na so in yi. Na sauke rigarta.

"Yaya, ba zan danna ba. Sai an je asibiti an ɗauki hoton ƙashin."

"Mai tuƙin bas ɗin nan," in ji ta a hankali, "ban ga an ɗauke shi hoto ba."

Na shiga bayani. Ku kun san ni da bayani, in na fara ba na ganin fuskar mai saurare. Na yi maganar ƙashi, na yi maganar shekaru, har da Turanci ya kuɓuce mini. Ta bari na gama. Sannan ta yunƙura ta tashi, na miƙa mata hannu ta dafa bango.

"To," ta ce. "Allah ya ba da haƙuri. Ni na yi karambani."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, wannan karon har ƙarshe. Kafin la'asar Kabiru ya zo da motarsa ya ɗauki akwatinta. Ya zaunar da ita a mota, ya dawo ya same ni a kicin. Tun yana yaro Dakta yake ce mini, in yana tsokana da in yana fushi, ranar kuwa ba tsokana.

"Dakta, me kika yi haka? Kin san abin da ya ci mata kafin ta buɗe baki ta roƙe ki?"

"Na fi ka sani."

"To ki yi mata ta wasan nan mana, wadda kike yi a research ɗinki. Ki ɗora hannu, gado ya yi ƙara, ta ji daɗi. Just pretend, Dakta. Wa zai sani?"

"Sai ta tashi ta ce da sauƙi, ko? Ta hau jirgi ta koma gida ta ci gaba da ɗaukar bokiti. In ya sake tashi a kira mai tausa ya hau mata baya da gwiwa. Kai za ka tsaya a kanta a Funtuwa?"

"Ke dai ki faɗi gaskiya. Rama abin da ta yi miki kike yi."

Na nuna masa ƙofa da ludayin da ke hannuna. Bayan fitarsa na zauna a ƙasan kicin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Shawararsa ba ta wauta ba ce, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na iya dannar kwaikwayo, da na yi ta da an zauna lafiya, da Yaya ta tafi tana sa mini albarka a zuciyarta. Amma mutanen da nake yi wa a bincike sun san ana iya yi musu ita, sun yarda. Yaya ba ta yarda da komai ba, gaskiya ta zo nema. Kuma na kasa haɗiye tunanin cewa karo na farko da hannuna zai yi mata aiki, ƙarya zai yi mata.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yaya ta ce ba inda za ta, ba asibiti ba hoto, jirginta kawai take jira. Kullum in na kai ku makaranta sai in tuƙa tuwo, in kaɗa miyar kuka da daddawar da nake samu a kasuwar Deptford, in hau bas zuwa Catford. In durƙusa a ƙofar ɗakinta in yi sallama, ta amsa daga ciki, shi ke nan. Washegari in tarar da kular a wanke, amma ƙibar da Kabiru yake yi ta gaya mini wanda yake cinyewa. Shi ne kuma, cikin fushi, ya buga wa wata goggonmu waya ya ce na ƙi taɓa Umma. Kafin sati ya zagayo an san maganar a kowane gidan suna a Funtuwa. Daga Catford in wuce laburare a Bloomsbury, in buɗe babin nan na waɗanda ba a dannawa, in zauna ina kallon sa har a fara kashe fitilu. Kowane layi bayanta nake gani. Lokacin miƙa kundin ya zo ya wuce. Na je na nemi a ɗaga mini, aka ɗaga, amma aikin koyarwa da aka yi mini alkawari in na gama a kan lokaci ya tafi wurin wani. Ban sake samun irin sa ba, shi ya sa kuka girma a Deptford ba a gidan nan mai lambu da nake ta yi muku alkawari ba.

Abbanku bai ce komai ba duk tsawon lokacin nan, har na fara jin haushin shirunsa. Wata Asabar da safe sai na ga ya fito da babbar rigarsa ta Idi, ya karya hula, ya ce in tashi mu je Catford. Na ce me zai yi a can, shi da ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ya ce in dai taso. Da muka hau benen ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar waje. Lungun gidan Kabiru ƙunci gare shi, ga keke a jingine, ga takalma. Ya tattara rigarsa ya tsuguna a ƙofar ɗakin Yaya, kansa a ƙasa, ya yi sallama. Na ji motsinta a ciki, na san mayafi take ja.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta sanyi da ta yara. Sannan ya ce, "Hajiya, alfarma na zo nema."

Ya ƙara sunkuyar da kai ya ci gaba.

"Tun da nake ban taɓa roƙon komai a gidanku ba sai abu ɗaya, kuka ba ni, ina kuma godiya har gobe. Yau na zo da na biyu. A daure a je a ɗauki hoton nan."

Muka jira. Kabiru ya leƙo daga kicin da kofi a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Can muka ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"A ce masa ya tashi. Ƙasan nan da sanyi."

"Ina nan, Hajiya, sai an amsa mini."

Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku ga girman abin ba. Mace irin Yaya tana iya hana 'yarta, tana iya hana ɗanta, amma ta bar surukinta tsugune a ƙofa yana roƙo, wannan ba za ta iya ɗaukar nauyinsa ba. Abbanku ya sani sarai, ashe lokaci kawai yake jira. Gwiwoyinsa har sun fara rawa lokacin da ta ce, "To, an ji."

A kan hanyar gida na ce masa ashe shi ma mugu ne. Ya ce a'a, shi malamin Hausa ne.

Ranar hoton Kabiru ne ya shiga da ita yana yi mata fassara, ni na zauna a waje. Da ya fito na ga fuskarsa ban tambaye shi komai ba. Gaɓoɓi biyu sun murƙushe a daidai inda ta ja numfashi, sauran ƙashin kuma ya yi sakayau. Ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana juya makullin mota, sannan ya ce likitan ya tambaya ko wani ya danna wurin, ya ce masa a'a. Bai ce in yafe masa ba, Kabiru bai iya wannan ba. Jakata ya ɗauka ya riƙe mini har mota. Ya sake buga wa goggon waya ya warware maganarsa, amma labarin farko ya riga ya yi nisa, na biyun bai taɓa cim masa ba. Ga shi har ya iso kunnenki, Amina, bayan shekaru masu yawa.

Yaya ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ta dai ce wa Kabiru benen gidansa ya yi mata yawa, ya kawo ta Deptford. Aka ɗora ta a kan maganin ƙarfafa ƙashi, aka ɗaga tafiyarta. Na koya mata yadda za ta tashi daga kwance ta gefe, da yadda za ta ɗauki abu ba tare da ta sunkuya ba, ina yi ina magana da kujera, ita tana kallon taga, amma washegari sai in ga ta yi daidai. Da sanyi ya ja baya muka fara fita, a hankali, har bakin kogi, tana gaba ina biye. A kasuwa ta yi ƙawa da wata 'yar zangon Kumasi mai sayar da kuɓewa, kullum sai ta dawo tana mita cewa matar ba ta san bambancin mace da namiji a Hausarta ba, kullum kuma sai ta koma. Ba ta warke sarai ba, irin wannan ba ya warkewa sarai. Amma ta koma gida da ƙafarta, ta yi shekaru tana ruku'u a tsaye, ta ga auren jikoki. Ni kuma na gama kundina a makare. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta kira sunana ba, kada ku sa ran jin haka a nan.

Abin da ya rage in gaya muku, ban taɓa gaya wa kowa ba sai Abbanku. Naman da ke gefen ƙashin yakan ɗaure mata, shi kuwa ana iya shafa shi a hankali ba tare da an kusanci gaɓar ba. Ta zo da man kaɗe daga gida a wani gwangwani. Wata rana bayan azahar na fito na ga gwangwanin a kan teburina, a kan takarduna, ƙofar ɗakinta a buɗe, ita kuma tana kwance ta ba ƙofa baya. Na ɗauka na shiga. Daga ranar haka muke yi. In na ga gwangwani na san an kira ni. Ba mai cewa uffan, sai ƙarar jirgin ƙasa da ke wucewa ta bayan gida.

Ana saura kwanaki ta tafi, ina cikin shafa mata kafaɗa, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon, sai ta fara magana. Da bango take yi, kamar kullum.

"Ran kasuwa Inna takan fita tun da hantsi. Maza suna gona. Gida ya zama ba kowa."

Na ci gaba da shafawa, ban san inda ta dosa ba.

"Sai in shiga ɗakin Inna in ɗauko yarinyar. In saki labule, in goya ta, in yi ta zagaya ɗaki da ita. In na ji sallama in kwance ta da sauri in fito ina shara."

Hannuna ya tsaya a bayanta.

"Tun daga yaye nake yi. Sai da ta fara magana na daina, don bakinta ba ya riƙe komai, za ta tona ni." Ta miƙo hannu ta baya da ƙyar, ta kama yatsuna, ta matsar da su sama kaɗan, tsakanin kafaɗunta. "Nan take ɗora kai. Ga nauyi. Ga cizo."

Hawaye suka zubo mini har kan fatarta, na san ta ji su. Na so in ce Umma, na so in kwantar da kaina a wurin, ni da furfurata. Amma na san in na yi haka za ta ja mayafi, maganar ta ƙare. Sai na bi ta hanyarta, na ce wa bangon, "Yarinyar ba ta sani ba."

"Ai yanzu ta sani," in ji ta. "A ci gaba, hannun ya tsaya."

Na lakato man, na murza shi a tafina har ya yi ɗumi, na mayar da hannuna daidai inda ta ajiye shi.